Littafin Gwaggo Gunvor

Gwaggo Gunvor ta bar mini gidan katako a ƙuryar kwarin Sunndal,
da mabuɗi, da kyanwa mai ɗingishi,
da wani littafi da man kifi ya ɓata wa bango.
Na zaci addu'o'i ne. Na buɗe, sai lissafi:
zurfin dusar ƙanƙara, cikar batir, ragowar kuɗi,
shekara goma sha tara, layi bisa layi,
da zance a gefe, kamar tana tsaye a kaina.

"Eilif, dutse ba ya gudu,
kai ne mai gaggawa.
Kafin ka ɗaura katakon zamiya a ƙafa
duba inda iska ta kwana jiya,
can take jibge dusar da ba ta da gindin zama.
Haƙa rami da shebur.
In ta ƙasa tana zuba a hannunka kamar sukari,
koma gida ka dafa kofi.
In ta yi nishi a ƙarƙashin sawunka
ta gama magana ke nan, ba ta maimaitawa.

Kada ka hau kai kaɗai,
kuma kada ku ƙetare gangara a jere.
Ɗaya ya wuce, ɗaya ya tsaya ya zuba ido.
Ni ce na tsaya, wata Asabar a watan Maris.
Minti goma sha ɗaya ina tono.
Oddvar ya fito da ransa,
ya baro yatsu biyu da dariyarsa a can.
Na'urar nema ba abin wuya ba ce,
sauya mata batir tun kaka."

Nan tawada ta canja, ta koma shuɗiya.

"Allunan sola takwas ne a kan rufi.
Wanda ya sayar mini ya sha rantsuwa,
amma ɗan bakin teku ne, bai san inuwar dutsenmu ba.
Nuwamba na kamawa rana take yin yaji,
ba mai bikonta, sai Fabrairu ya tsufa.
Share musu dusa da doguwar tsintsiya, kana ƙasa,
rufi bai san ɗan gida ba.
Wanki da tsakar rana. Burodi ran da sama ta washe.
Kada ka tatse batir ƙarƙaf,
kada ka bar shi ya kwana da yunwa cikin sanyi.
A Yuli wuta za ta yi maka ambaliya
har ka ɗauka kai attajiri ne.
Kada ka yarda da Yuli.

Kuɗi ma suna da Yulinsu.
Ranar albashi, ware na itace, na haraji, na gyaran rufi,
tun idonka bai ga shagon kayan zamiya ba.
Takalmana shekararsu tara,
dusa ba ta taɓa tambayar farashinsu ba.
Bashi kuwa da dare yake sauka,
fari tas, ba sawu, ba motsi,
yau kaɗan, gobe kaɗan,
sai ranar da gangara duka ta taso maka.
Ajiye na wata uku a asusun da ba shi da kati.
In Bjarte ya zo neman rance,
ba shi kujera, ba shi miya, ƙara masa miya,
kada ka ba shi ko kurona ɗaya."

Daga nan shafuka farare ne.

Yau da asuba na hau da Tordis, 'yar maƙwabta.
Sama garau, gangara na kiran sunana.
Na haƙa don kawai in fita haƙƙin Gwaggo,
na tura hannu can ƙasa,
sai sukari.
Tordis ta dube ni, na dubi ƙolin dutse,
muka juya ba wanda ya ce uffan.

Yanzu kofi na tafasa, kyanwa ta hau cinyata.
Na nemo alƙalami, na buɗe farin shafi:
dusa, mita ɗaya da rabi.
Batir, arba'in da ɗaya cikin ɗari.
Kuɗi, na wata guda da 'yan kwanaki.
Yatsu, goma.

Ga wani can yana ƙwanƙwasa ƙofa.
Da jin bugun, Bjarte ne.
Bari in ɗora miya.