Inda Baki Ya Tsaya

Lahadi a Mabera, ranar Sakkwato na gasa kwano,
aka ɗauke wuta ana tsakiyar yabo.
Fanka ta yi juyi uku ta haƙura,
piyano ya mutu a rabin baiti,
mawaƙa suka tsaya baki buɗe.

Sai Habila mai gyaran rediyo
ya zaro sarewa daga aljihu.
Bai nemi izinin kowa ba. Ya busa.

Dattijo Zakka ya sha faɗa a taron dattawa:
"Kiɗan da babu kalma, wa yake yabo?
Mai busa ko Mai Sama?"
Ni ma na gyaɗa masa kai ran nan.

Amma wata huɗu ke nan da binne Liyatu,
duk waƙar da aka ɗauko
sai ta yi mini nauyi a baki,
kamar tuwo a gaban mai zazzaɓi.
Sarewar ba ta ce in yi haƙuri ba.
Ta hau, ta yi shawagi kamar shirwa, ta karye,
ta sake ɗaukowa daga ƙasa.
Gurbin da ta bar wa kalma,
nan na sa sunan matata, na miƙa.

Wuta ta dawo, ko yara ba su yi ihu ba.
Zakka na goge tabarau da bakin riga,
ya daɗe yana gogewa.
Habila ya karkaɗe yawu daga sarewa,
ya raɗa wa na kusa: "Wane baiti munka tsaya?"