Hayaƙin Gindin Ɗorawa

Ni na rubuta allon da hannuna,
da jan fenti, ranar Litinin:
BA A SHAN TABA A HARABAR NAN.
Har na zana kara ɗaya, na ja masa layi a wuya,
don na gaji da tsintar guntaye a bayan banɗaki,
na gaji da 'yan aji uku
masu tsotsar lemun tsami kafin a kaɗa ƙararrawa.
Kuma ni na binne yayana a Zariya,
tari ya cinye shi yadda gara ke cin azara.

Sai ga Baba Kambai ranar Laraba,
kasko a hannu, sanda a hammata,
da busasshen ganyen taba guda uku a ƙunshe cikin tsumma.
Maigadi ya tare shi a ƙofa.
Ya ce shi ba wurin kowa ya zo ba,
wurin ɗorawar can ya zo, ta bayan ɗakin gwaji.

Tun ba a zo da igiyar awo ba,
tun ba a aza tubalin farko a wannan gefen na Zonkwa ba,
kakansa ke kwance a gindin itacen.
Duk shekara in hadari ya fara haɗowa daga gabas
akan kai masa hayaƙi,
a gaya masa wa aka haifa, wa ya tafi,
a roƙa wa acca albarka.

Na nuna masa allon.
Bai san baƙi ba, amma ya gane karan da na yanka.
Ya ce, "Malam, wannan ai na baki ne.
Nawa ba ya shiga ƙirjin kowa.
Katangarku ce ta zo ta same mu."

A ɗakin malamai aka yi ta.
Malama Rifkatu ta ce coci ya raba su da wannan tuntuni.
Malam Sabi'u ya ce shi ba ruwansa da abin da ba na Allah ba.
Shekara shida ina jiran ranar da bakinsu zai zo ɗaya,
ashe a kan tsoho da kasko za ta zo.

Da dare na buɗe littafin doka na ma'aikata.
Akwai layin ɗalibi, akwai na malami,
akwai na baƙo da na mai sayar da awara.
Ba a bar layi don matattu ba.
In na buɗe ƙofa, gobe wani yaro zai ƙago nasa kakan.
In na rufe,
to wa ya ba ni makullin kabarin wani?

Asabar, da sanyin safiya, na zo da makulli.
Ba yaro ko ɗaya sai jikarsa Zigwai,
ita ce mai kula da tsafta, mai ƙwace ashana a aljihun maza.
Yau ita ta riƙo garwashi a murfin tukunya,
tana hura shi a hankali kamar mai fifita kunun jariri.

Hayaƙin bai kai kaurin zare ba.
Ya bi reshe, ya ɓace.
Tsohon ya yi magana da Jju, ƙasa ƙasa,
ban tsinci komai ba sai sunaye,
sai can a ƙarshe na ji ya ce makaranta.

Litinin na kama Bulus a bayan banɗaki.
Ya ce, "Malam, ai an ce ran Asabar..."
Na ce, miƙo karan.
Wa ka kira da shi?
Sunan wa ka ambata?

Ya sunkuyar da kai.
Allon na nan, ban goge ko harafi ba.
Ran Alhamis aka yi ruwan fari,
jan fentin ya ɗan zuba ta gefen hagu.