Agogon Folake

Ƙarƙashin gadar Obalende nake gyaran agogo.
Folake ta miƙo nata ta tagar danfo:
"Ƙarfe biyu daidai!"
Ban kai ga "ina kwana" ba, motar ta cilla.

A Gumel, Kawu Talle sai ya tambayi
gida, gajiya, damina,
har akuyar da ta karye bara,
kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.
Alƙawarinsa "bayan la'asar",
la'asar kuwa faɗi gare ta kamar zaure.

Biyu ta yi. Uku. Biyar saura.
Ga ta nan, gumi sharkaf,
cunkoso ya cinye mata yini.
Na tura mata benci.
Ta sauke numfashi,
ta ce, "Malam, yaya mutanen gida?"

Na fara daga akuyar.