Jamhuriyar Bakin Logon

Ƙasarmu tsawonta taku ɗari da arba'in,
daga gindin tsamiya zuwa inda Jidda ke shanya taru.
Faɗinta kuwa sai abin da kogi ya rage mana:
da damina mu tsuke, da rani mu yi ƙiba.
Jiragen fito goma sha tara, masu wanki shida,
da mai shayi ɗaya da bai taɓa biyan haraji ba.
Kusuri na bayanmu, Njamena na hararmu daga tsallake,
to mu ma muna da shugaba.

Ni ne magatakarda. Tsarin mulkin na aljihuna,
littafin 'yan makaranta mai shafi talatin da biyu,
man gyaɗa ya ci rabin sashe na huɗu.

Shugaba ke riƙe hatimi da makullin akwati.
Shi ke cewa jirgin wa zai fara lodi ran kasuwa.
Yana yafe tara, ban da ta surukinsa.
In wani ya nitse, shi ke zuwa gidan ya faɗa,
ba aike, ba waya, da ƙafarsa.
Wa'adinsa ambaliya biyu.
Ta uku ta same shi a kan benci kamar kowa.

Na farko Barka Alifa, shi ya sayo akwatin.
Ya cika biyu, ya ajiye makulli a kan tabarma,
ya ɗauki filafilinsa ya koma ruwa.
Ba wanda ya ce masa sannu.
Sai da ya rasu muka tuna yana da kirki.

Abakura ya gaje shi. Shekarar saukarsa
ruwa ya tsaya nesa da tsamiya.
Ya ce, "Wannan ba ambaliya ba ce, kumburi ne."
Muka yi dariya. Da ta zagayo ma, kumburi.
Shekara bakwai kogi na kumburi
har ya tafi da rumfar mai shayi, da buta, da murhu,
Abakura na tsaye, ruwa iya gwiwa,
yana tambayata ko littafin ya faɗi zurfi.
Na duba. Bai faɗa ba.

Juyin mulki ran Talata ne da hantsi.
Ya tuɓe riga zai yi wanka,
Tanimu ɗan Falmata ya zare makulli.
Ba a yi harbi ba. Akuya ce kawai ta razana.
Su biyar, suka kira kansu Kwamitin Ceto,
suka buɗe akwati a gaban jama'a:
jaka uku, rasit ɗin jandarma, da kyankyasai.
Suka ce wata shida. Suka yi shekara huɗu.
Daren da jirgi ya kife da yaron Adum
kowanne ya ce ba ranar aikinsa ba ce.
Abakura, da ba makulli ba hatimi,
shi ya sa takalmi ya tafi ya yi sallama.
Wannan ban san shafin da zan sa shi ba.

Muka gyara tsari. Muka kafa ƙusa a jikin tsamiya:
ruwa ya taɓa ta, ambaliya ce, ba musu.
Muka jefa ƙwallon dabino a ƙorai biyu,
Kaltuma mai wanki ta ci da ratar uku.
Ta sayo rigunan ceto, ta sa mai shayi ya biya.
Muna son ta. Wallahi muna son ta.
Ambaliyarta ɗaya ta wuce, ga ruwa na tahowa.

Yau da asuba na je na auna.
Ƙusar ta hau da tafin hannu guda.
Wai tsamiya ce ke girma, in ji Jidda,
ya faɗa yana kallon tarunsa.
Amma itace daga kai yake ƙara tsawo,
kuma tsohon ramin yana nan, an cusa masa laka,
lakar ma ba ta bushe ba.

Na buɗe littafin a kan gwiwata.
Shafi biyu suka rage.