Ja ko Kore

Delfina ta taso daga makaranta da takarda guda,
ta shimfiɗa ta a kan buhun barkono.
"Kaka, gobe za a tambaye mu alamomin jihar New Mexico.
Riƙe, in karanto maka da ka."
Na goge hannu a wando, na riƙe.
Gangar gashi tana juyawa a bayana,
wuta na lasar koren barkono, fatarsa na fashewa ƙas-ƙas.

"Tsuntsun jiha: ɗan tseren hanya."
Na san shi, na ce.
Da hantsi yakan bi ta bayan rumfata,
ƙadangare a baki, jela a sama,
ba ya tashi sai tilas ta kama shi.
Sarauta ta same shi yana tsakar farauta,
har yau ba wanda ya cim masa ya faɗa masa.

"Furen jiha: yuka."
Ke fure kika sani, ni saiwa.
Ita uwata Eufemia ke dakawa ran Asabar
ta wanke mana kai a bakin rijiya,
kumfa a ido,
in ka yi kuka a ƙara maka ruwan sanyi.

"Itacen jiha: finyon."
Mukan shimfiɗa tsohon bargo a gindinsa mu girgiza,
mu dawo gida da ƙaro a yatsu, aljihu cike da 'ya'ya.
Shekarar fari ƙwaro ya shiga na tudunmu,
suka mutu a tsaye, launin tsatsa.
Na takardarki kore ne shar,
ko ganye ɗaya bai zubar ba.

"Kaka, kana sa ni mantuwa."
To, na yi shiru. Ci gaba.

"Tuta: jar rana a kan ruwan ɗorawa,
hannu huɗu, kowane da yatsa huɗu."
Na yi alkawarin shiru, amma Casimiro ya faɗo mini,
mutumin Ziya, shekara tara muna zuba kwalta tare.
Wata rana ya dubi tutar da ke jikin motar aiki
ya ce, "Ranar nan tamu ce.
A jikin tukunyar kakanninmu aka gan ta,
aka ɗauka, ko sallama babu."
Bai ɗaga murya ba. Ya ci gaba da cin wakensa.
Na juya takardar, na duba bayanta.
Babu Casimiro.

"Ƙamshin jiha," ta ce, sai dariya ta ƙwace mata,
ta cusa hanci a hannun rigata,
"ƙamshin koren barkono a wuta, lokacin kaka.
Kai ne!"
Ashe shekara talatin ina gasa alamar gwamnati
a bakin titi, ba albashi,
sai tari da jan ido.

Saura ɗaya.
"Tambayar jiha." Ta gyara tsayuwa kamar mai kawo abinci,
fensir a bayan kunne.
"Ranka ya daɗe, ja ko kore?"

Shekara arba'in da ɗaya muna wannan shari'a da kakarki.
Ofelia ja, ni kore.
Takan ce kore yaro ne mai gaggawa, bai gama jin rana ba.
Nakan ce ja tsoho ne, ya bushe, sai faɗa.
Tukunya biyu a murhu ɗaya,
ba wanda ya taɓa sa cokali a ta wani.
Igiyar barkonon da ta kitsa a kakarta ta ƙarshe
tana nan rataye a ƙofar madafa,
ina tsinka ɗai-ɗai, ina ƙirga saura.

Wata mota ta tsaya, ana son buhu biyu.
Yarinyar na jira, fensir a hannu.

Rubuta ja, na ce.
Na koma na rage wuta.