Shimfiɗu Huɗu

Tun Talata ake ruwa a Braga.
Gaspar ya shigo da laima mai karyayyen haƙarƙari
da kwalba a akwatin sanyi,
abin cikinta rawaya, kamar man shanun da ya ga rana.
Kitse ne, na cikin wata mata
da aka yi wa aiki da safe a asibitin gangare.
Ta sa hannu a takarda, ta ce, ku kwashe,
shekara ashirin ina neman mai raba ni da shi.

Lamba ce kawai a jikin kwalbar.
Ni na raɗa mata Ermelinda,
don ban iya gaisawa da lamba ba.

Na wanke, na narkar, na juya a inji har ya yi jiri.
Mai ya taso sama kamar yadda ya saba.
Abin da nake nema ya kwanta can ƙasa,
ɗan tabo da bai kai ƙwayar gero ba:
ƙwayoyin da ba su riga sun yanke shawarar
abin da za su zama ba.

Na yi musu shimfiɗa huɗu.
Ta fari daga ciyawar teku, lumus kamar kafaffen koko.
Ta biyu ɓawon ƙaguwa da garin ma'adini, tauri kamar daɓe.
Ta uku zaren siliki, an jera shi kunya-kunya.
Ta huɗu soso ce mai ƙananan ƙofofi,
wadda Dakta Filipa ta fi ji da ita.
Romo ɗaya nake ba su, mai ruwan hoda,
ɗumi ɗaya, duhu ɗaya.

Ba su da ido, ba su da kunne.
Hannu suke miƙawa su ja ƙasa,
su saurara ko ƙasar za ta ja su.

Kwana ashirin da ɗaya.
Na zuba rini, na sunkuya kan madubi.
Na kan laushi sun dunƙule abinsu,
kowace ta tara ɗigon mai a ciki, sun koma gida.
Na kan siliki sun miƙe, dogaye, sirara,
duk sun fuskanci gefe guda
ba wanda ya ce musu su daidaita sahu.
Na kan tauri kuwa sun baje, sun kafa ƙafa,
suna ajiye farar ƙasa a kewayensu
hatsi-hatsi, irin wadda ƙashi ke farawa da ita.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
To ga ɗiyan kitse suna koyon zama ƙashi,
don kawai wurin kwanciyarsu bai lotsa ba.

Soson Dakta ya ba mu kunya.
Na bakin ƙofa sun yi ɓul-ɓul,
na tsakiya sun mutu, iska ba ta kai gare su ba.
Ta daɗe tana kallo, ta cire tabarau,
ta ce, a faɗaɗa ƙofofin, mu koma farko.
Gaspar ya yi tsaki, ya je neman kofi.

Ranar Lahadi na hau jirgin ƙasa zuwa Viana.
Babana na nan bakin taga yana ƙirga kwale-kwale,
ƙafarsa a kan kujera,
karayar bara ta ƙi haɗuwa har yau.
Ya ce, har yanzu kitsen mutane kike wankewa?
Na ce, har yanzu.
Ya ce, yaushe za a kai ga ƙafa?
Na ce, da saura, Baba. Da saura ƙwarai.

Ya dafa tumbinsa ya yi dariya:
in kayan gyara ne, ai ga rumbu.
Na gyara masa matashi,
hannuna ya tsaya a kai,
ina dannawa, ina jin yadda yake lotsawa.