Kofi Biyu a Rayfield

Kwana uku zan yi a Jos. Na kira Davou,
ya ce, "Talle, bar mini zaɓen wurin cin abinci."

Gidan farko, fitila kamar ta asibiti.
Ya karanta jerin kwalabe, ya taɓe baki, muka fito.
Na biyu, kiɗa ya hana mu jin juna.

Na uku yana bayan dutse, tebur shida kacal,
farin ƙyalle, cokula uku a gabana,
ban san wanda zan fara ɗauka ba.

Aka tsiyaya masa jan ruwan inabi, kurɓi ɗaya.
Ya juya kofin, ya sunsuna, ya lumshe ido
kamar mai tayin turare a Taminus.
Ni kuwa ya sa aka kawo mini zoɓo mai citta
a irin kofinsa, mai dogon wuya.
Shekara ashirin, bai manta ba.

Ja da ja muka ɗaga.

Kifin ya yi kaɗan, kuɗin ya yi yawa,
sanyi yana shigowa ta ƙasan ƙofa.
A hanya muka tsaya wajen mai tsire,
muna dariya, yaji yana cin leɓenmu.